Tulunan da Muka Shafa wa Kore

Shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara yi mini gardama ba, ina tura kurar ruwa a Ushafa. Jarka goma sha biyu, daga bohol zuwa gidajen mutane. Kafin nan na yi shekara tara ina gawayi a dazukan bayan Uke. Na sare itatuwan da ban san adadinsu ba. Na kuma taɓa aikin lambu a wani gida a Maitama, aka kore ni don na gaya wa matar gidan furen da ta sayo ba zai rayu ba. Bai rayu ɗin ba, amma ni aka fara tugewa. Ban yi boko ba. Abin da na sani wuta ne da ruwa da ɗaukar nauyi.

Wata Asabar a ƙarshen damina aka ce in kai ruwa gindin wani tudu a bayan gari. Na tarar da mutum kusan ashirin cikin korayen riguna iri ɗaya, suna haƙa ramuka. Riƙon fartanyarsu kaɗai ya gaya mini ba manoma ba ne. Akwai 'yan bautar ƙasa, akwai ma'aikatan banki, akwai wani saurayi injiniya mai littafi a aljihu. Aka ce mini ƙungiya ce ta kula da muhalli, suna shiga makarantu suna koyar da yara, suna dasa itatuwa, kuma ba mai biyansu. Ban yarda ba. A Abuja ban taɓa ganin wanda ya yi gumi a banza ba.

Shugabarsu wata gajeriyar mata ce 'yar Zariya, tana aikin gwamnati Litinin zuwa Juma'a. Kowa Anti yake ce mata. Ita ta gaya mini yadda abin yake. Dagaci ya ba su aron tudun ne da sharaɗi. Masu buga bulo ma suna son wurin, su kwashe ƙasarsa da tifa. Dagacin ya ce da zarar ruwan farko na baɗi ya sauka zai hau da ƙafarsa ya duba. In itatuwa sun tsaya, wurin ya zama nasu. In sun mutu, tifa ta shiga.

Tsiron itatuwan wani ofishin jakadanci a Maitama ne ya ba su, guda sittin: maɗaci, ɗorawa, tsamiya, da kaɗanya 'yan kaɗan. Takardu suka riƙe su har ruwa ya fara bankwana. Na sauke jarkokina na ce, "Anti, ba a dasa itace ruwa yana tafiya."

Na jira ta kore ni kamar matar Maitama. Sai ta share goshi ta ce ta sani, Baba, amma in sun bar su a leda ma mutuwa za su yi. Ta ɗauko tsiro ɗaya ta miƙo mini, ta ce in dasa da hannuna.

Kaɗanya ce.

Akwai wata kaɗanya da na sare a bayan Uke, tana ɗauke da 'ya'ya. Na san ba a yi, na yi. Gawayinta yana da nauyi, shi ya sa. Ina cikin daddatsa ta wata tsohuwa ta zo tsintar kaɗe da kwano a kai. Ta tsaya tana kallon kututturen. Ba ta zage ni ba, ba ta ce uffan ba. Ta juya ta tafi da kwanonta wayam. Tun daga ranar, in na kishingiɗa da rana na lumshe ido, nakan gan ta tsaye da kwanon nan. Ban gaya wa Anti wannan ba. Na karɓi tsiron na dasa shi kusa da wani faffaɗan dutse. Daga ranar na daina karɓar komai a kan ruwan da nake kaiwa tudun.

Matsalar ita ce rani. Wata biyar ba ruwan sama, mutanen nan kuma Asabar kaɗai suke da ita. Mafita daga wata tsohuwa Gbagyi ta fito, maginiyar tukwane, wadda kowa yake ce wa Mama. A ƙasan tudun nan take ɗebo yumɓu tun tana budurwa, ta san in tifa ta shiga yumɓun ma ya tafi. Ta ba ƙungiyar tuluna sittin, waɗanda bakinsu ya karkace ko cikinsu ya loɓa, ba su sayuwa. Ta ce a binne kowane tulu har wuya kusa da tsiro, a cika shi da ruwa, a rufe. Sauran aikin tulun zai yi da kansa. Abin da ta faɗa ke nan. Ƙafarta ba ta hawan tudu, don haka ba ta biyo mu ba.

A satin ne wani Bakano mai shagon fenti, wanda yake taimaka wa ƙungiyar, ya aiko da gwangwani huɗu na koren fenti mai mai. Aka zauna shawara a inuwar dutse. Wata ta ce yaran makaranta za su zo kallo, ya kamata wurin ya yi kyau. Wani ya ce mutanen ofishin jakadanci ma za su zo, su ga launin ƙungiya. Injiniya ya ce fentin zai hana tulunan ruɓewa a cikin ƙasa. Kowa ya gyaɗa kai.

Ni da na tashi ina shan ruwan randa, ina zaune a wurin. Wani abu ya motsa a raina, kamar na manta wani abu a gida. Na ce wa kaina, kai mai kura, waɗannan mutane sun yi jami'a. Na ɗauki buroshi.

Kuma ba wanda ya kai ni iyawa. Su suna shafa waje kawai, ni na ce ai ba a rabin aiki. Na shafa ciki, na shafa waje, na bari ya sha iska, na sake shafawa. Na bi nasu ma na gyara. Anti ta ce a zo a ga aikin Baba, ta ɗauke ni hoto riƙe da tulu. Na tsaya ina washe baki kamar ango.

Makonnin da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin wuri kamar tudun nan ba. Nakan hau bayan asuba, gari bai gama farkawa ba. Duwatsun Ushafa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar shanun da suka kwana a tsaye. Can nesa ruwan dam yana ƙyalli. Bakunan tulunan nan kore shar a jere a cikin jar ƙasa, kamar tudun ya buɗe idanu sittin yana kallon sama. Nakan ɗaga murfi in ga fuskata a ciki, da gajimare yana wucewa ta bayan kaina. Wani lokaci sai in manta da kura a ƙasa, in yi ta zama.

Ruwan tulunan kuwa ba ya raguwa. Kwana biyar, kwana goma, da ƙyar ya sauka ɗan yatsa ɗaya. Muka yi ta murna. Injiniya ya rubuta a littafinsa cewa wannan dabara tana tattalin ruwa fiye da yadda aka zata. Ni ma na ji sauƙi a kafaɗata.

Sai ganye ya fara lanƙwasa. Muka ce rana ce, muka yi wa kowane tsiro 'yar rumfar ciyawa. Ya ci gaba. Muka ce gara ce, muka zuba toka. Muka ce awaki ne, muka kewaye da ƙaya. Da zafi ya shigo sosai, ɗorawa shida suka bushe ƙurmus, kowace da tulu cike da ruwa a gefenta. Shugaban masu bulo yakan wuce a kan babur, ya rage gudu ya ɗaga mini hannu ya ce, "Mai ruwa, ya masu jiki?" Anti ta rame. Wata Asabar na gan ta durƙushe gaban wani maɗaci tana shafa ganyensa, kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi.

Wata Laraba da azahar na kishingiɗa a inuwar faffaɗan dutsen nan. Ba barci ba ne sosai, ba ido biyu ba. Na ga ɗakin mahaifiyata a ƙauyenmu. Na ga randarta a lungu, a kan yashi. Na ga kaina ina ƙarami, na dawo daga kiwo, na manna kumatuna a jikin randar don in ji sanyi. Jikinta a jiƙe yake kullum. Yashin ƙarƙashinta ma a jiƙe, har wata ƙwayar gero da ta faɗa wurin ta tsiro, kore a cikin duhun ɗaki. Mahaifiyata ta hana a cire ta.

Na tashi zaune. Na je gindin kaɗanyata na sa hannu na tona gefen tulun. Ƙasar ta bushe kamar toka, har ƙasa. Na ɗaga murfi. Ruwa fal, ɗumi, yana warin fenti.

Na tono tulun, na zubar da ruwan a gindin tsiron, na saɓa shi a kafaɗa zuwa gidan Mama. Na same ta tana murza yumɓu. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta juya tulun, ta kankare shi da farce, ta leƙa ciki. Sai ta fara dariya har tari ya kama ta. Da ta gama ba dariya a fuskarta.

"Wane ne ya sa wa tulu riga?"

Na ce, "Ni ne, Mama."

"Kai, a gidanku ba ka sha ruwan randa?"

"Na sha."

"To tulu tana gumi ne, itace ya sha gumin. Kun rufe masa jiki duka. Yanzu ruwa yana nan, itace yana nan, ba su san juna ba."

Na tambaye ta ko mu kankare. Ta ce fentin ya shiga ƙofofin yumɓun, dutse ba zai kai can ba. Sababbi kuma, kafin ta gina su bushe a gasa, itatuwan sun gama mutuwa. Hanya ɗaya ce, a mayar da su wuta ta cinye fentin, wasu za su fashe. Amma ita ba ta da itacen gasa tulu sittin, kuma ta san mutanen nan ba za su sare ko reshe ba. Na ce ta bar mini maganar wuta.

Da yamma Anti ta zo daga ofis da takalminta mai tsini, injiniya yana biye. Na nuna musu busasshiyar ƙasar. Injiniya ya buɗe littafinsa ya rufe. Ya ce ko a huda tulunan da ƙusa. Na ce Mama ta ce ruwan zai tsiyaye a yini ɗaya. Anti ta ce baƙin Maitama, mutanen ofishin jakadancin nan, Asabar ta sama za su zo, kuma ta riga ta aika musu hotunan korayen tuluna, har sun yaba. Ta juya tana kallon jeren bakunan tulunan.

Sai ta ce, "Baba, kai me ka gani?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar a Abuja ba. Na ce, "Ko hoto, ko itace."

Ta cire takalmin ta ajiye a kan dutse. Ta ce a kawo diga.

Kwana biyu muna tono. Waɗanda ba sa zuwa sai Asabar suka riƙa zuwa bayan tashi daga aiki, wasu da rigar ofis. Muka kife tulunan a rana kwana uku, don jiƙaƙƙen tulu bindiga yake yi a wuta. A kwanakin nan da hannu muka shayar da itatuwan, safe da yamma, jarka bayan jarka. Wani ma'aikacin banki ya karɓi kurata ya tura, ta ja shi cikin kwalbati. Ya fito ya sake kamawa.

Ban taɓa itace ko ɗaya ba. Na tara karan masara da totuwa daga gonaki, ƙaiƙayin shinkafa daga wurin casa, da busasshen kashin shanu daga wata ruga. Na jera tulunan baki a ƙasa a wani fili nesa da gidaje. A gawayi, shaƙe wuta ake yi, a hana ta numfashi. A nan akasin haka na yi, na bar mata ƙofofi ta ko'ina. Na fara da 'yar ƙarama, tulunan su saba da zafi. Mama tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana kallon hannuna. Ba ta gyara mini komai ba.

Bayan la'asar na saki wutar. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, mai wari. Ga masu koyar da yara illar hayaƙi a tsaye suna tari, sun toshe hanci da korayen rigunansu. Anti ta ce Allah Ya yafe mana, kuma duk wanda ya ɗauki hoto ita da shi ne.

Can sai hayaƙin ya washe. Fentin ya riƙa nannaɗewa yana tashi kamar busasshen ganye. Harshen wutar ya yi wani launi da ban san sunansa ba, tsakanin kore da shuɗi, yana lasar cikin tulunan. Rana tana gangarawa bayan duwatsu, ita ja, tulunan ma suka yi ja, har na rasa wanne ne yake haska wanne. Na yi shekara tara ina kallon wuta tana cin abin da na kashe. Ranar na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa ganinta ba. Jefi-jefi sai a ji ƙas daga ciki. Mama ta lumshe ido, duk ƙara ɗaya ta lanƙwasa yatsa ɗaya. Goma sha ɗaya suka fashe.

Da safe muka tone tokar. Tulunan sun fito dabbare-dabbare, baƙi da ja, kamar gasasshiyar doya. Mama ta zaɓi ɗaya ta ɗora a kan yashi ta cika da ruwa. Muka kewaye shi muka tsuguna, manya da mu, kamar masu duban wata. An daɗe ba komai. Sai wani duhu ya fara fitowa a cikinsa daga ƙasa, yana hawa a hankali. Mama ta kamo hannuna ta manna a wurin. Sanyi. Irin na lungun ɗakin mahaifiyata.

Muka mayar da su ƙasa. Itatuwan da suka riga suka mutu ba su buƙatar tulu, don haka waɗanda suka rage suka isa.

Baƙin Maitama suka zo ranar Asabar. Shugabarsu ta duba ko'ina ta tambayi ina koren. Anti ba ta ɓoye komai ba, ta faɗa da Turanci tana nuna ni. Na ɗauka laifin take ɗora mini, na ce daidai ne. Ashe cewa take ni na gano matsalar. Na ce, "Anti, ki gaya mata ni ne kuma na shafa sau biyu." Ta gaya mata. Matar ta yi dariya, ta durƙusa da farin wandonta ta cusa hannu a gefen wani tulu. Ta ciro shi da laka.

Ruwan farko da rana tsaka ya sauka, mai ƙarfi, gajere. Washegari dagaci ya hau da sandarsa, shugaban masu bulo a gefensa. Ƙasa tana ƙamshi. Ya bi layi ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai sun mutu, sauran sun fitar da sabon ganye ƙanana masu sheƙi. Da suka iso faffaɗan dutse sai ga kaɗanyata, tsinke kawai, ba ganye ko ɗaya. Mai bulo ya taɓa ta da ƙafa ya ce wannan ma a sa ta cikin matattu, kuma irinta suna da yawa, ganyen yau ba ya nufin rai. Dagaci ya sunkuya da ƙyar. Ya sa farcen babban yatsa ya kankare ɓawon kaɗan. Kore ne a ciki, ɗanye.

Ya miƙe ya karkaɗe hannu. Ya ce, "Tifa ta nemi wani wuri."

Yanzu tudun yana da inuwa. Maɗatan sun fi ni tsawo sau uku. An yi wa Anti canjin wurin aiki, injiniya ne yake riƙe da ƙungiyar, kuma kafin ya rubuta komai a littafinsa sai ya sa hannu a ƙasa tukuna. Mama ta rasu, jikokinta suna ɗebo yumɓu a inda take ɗebowa. In an kawo yaran makaranta akan kira ni in yi bayani. Ba na dogon zance. Nakan ba su tulu biyu, mai fenti da marar fenti, in ce su taɓa.

Ba fentin ne yake damuna ba in na tuna. Mutanen nan da zuciya ɗaya suka yi, ba su tashi da randa a ɗaki ba. Ni na tashi da ita. Na sani, na yi shiru, don na ɗauka abin da na koya a lungun ɗakin mahaifiyata ba ilimi ba ne. Itace goma sha bakwai shirun nan ya ci, ban da waɗanda gatarina ya ci a baya.

Bayan damina ta uku muka tono tulunan don a kai su wani sabon wuri. Duk suka fito sai nawa. Saiwar kaɗanyar ta naɗe shi ta ko'ina, kamar hannu ya riƙe ƙwarya. Na ce a bar shi. A bakinsa akwai ɗan kore kamar faɗin farce da wuta ba ta ci ba. Aikina ne, shafa biyu.

Kaɗanyar ta kawo mini kafaɗa. Ba ta fara 'ya'ya ba, an ce da sauran shekaru, wataƙila ba zan gani ba. Ba ta buƙatar ruwana yanzu, amma duk Laraba nakan hau a hankali da 'yar jarka in cika tulun. Sai in kishingiɗa a inuwar dutse in lumshe ido. Tsohuwar Uke tana zuwa har yau. Ba ta yi mini magana ba tukuna. Amma zuwan da ta yi na ƙarshe, ta sauke kwanon ta ajiye a gindin itacen.